Jakadun Ƙarya A Cikin Jini: Tarihin Ciwon Sukari Na Mata Masu Ciki

Ciwon sukari tsohon ciwo ne a duniya. Tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, likitocin Masar suka rubuta labarin wata cuta mai sa yawan fitsari. Likitocin ƙasar Hindu na zamanin da kuwa sun lura tururuwa na yanyame fitsarin mai ciwon, saboda haka suka sa masa suna fitsarin zuma. Ibn Sina ma, mashahurin likitan nan na Musulmi wanda ya rasu cikin 1037, ya bayyana alamun ciwon a cikin babban littafinsa na likitanci. Amma akwai wani irinsa wanda ba a sami labarinsa a rubuce ba sai daga baya ƙwarai, watau wanda ya kan zo wa mace in ta ɗauki ciki, ya tafi in ta sauka. Tarihin wannan ciwo ya sarƙe da tarihin waɗansu sinadarai da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa, waɗansu don magani, waɗansu don kashe ƙwari, waɗansu don sana'a, sa'an nan aka tarar suna shiga jini suna rikita aikin jiki. Labarin biyun ne za a kawo a nan tun daga farko.

Yadda Aka Fara Gane Ciwon

A cikin 1824 wani saurayin likita a birnin Balin na ƙasar Jamus, ana kiransa Bennewitz, ya rubuta labarin wata mace 'yar shekara 22 wadda aka kawo asibiti da cikinta na biyar. Ƙishirwa ta dame ta, ba ta ƙoshi da ruwa, ga yawan fitsari, da aka gwada fitsarin kuma sai aka sami sukari jingim a ciki. Da naƙuda ta zo, ashe ɗan ya yi girman da ya wuce kima, nauyinsa laba 12. Kai ya fito, kafaɗu suka kafe, bai zo da rai ba. Abin da ya ba likitan mamaki shi ne, bayan haihuwa ƙishirwar ta kwanta, sukarin ya ɓace daga fitsarinta, kamar ba ta taɓa yin ciwo ba.

Aka yi shekaru ba wanda ya kula da wannan rubutu sosai. Sai cikin 1882 wani babban likitan haihuwa a Landan, Matthews Duncan, ya tattara labarin ciki 22 na mata masu ciwon sukari, ya karanta a gaban 'yan'uwansa likitoci. Labarin ba shi da daɗin ji, gama da yawa daga cikin jariran sun mutu, uwayen ma da yawa ba su daɗe ba suka bi su. Amma Duncan ya gano abin da ya tabbata har yau, cewa ciwon yana iya zuwa da ciki kaɗai, ya tafi bayan haihuwa, wani lokaci kuma ya komo daga baya. A wannan zamani likita ba shi da abin yi sai ya ƙuntata wa maras lafiya abinci, domin ba wanda ya san inda ciwon ya ke fitowa.

Cikin 1889 waɗansu likitoci biyu, von Mering da Minkowski, suka fiɗe wani kare suka cire masa wata doguwar tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Kwana kaɗan karen ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. Daga nan aka san a wannan tsoka asirin ya ke.

Jakadun Jiki

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda gaɓoɓin jiki ke aika wa juna saƙo. In Sarki yana so a yi wani aiki a ƙauye mai nisa, ba ya tashi da kansa. Jakada ya ke aikawa da takarda mai hatimi, dagaci ya duba hatimin, in ya gane shi sai ya zartar da umurni. To, haka Allah Ya tsara jikin ɗan Adam. Akwai waɗansu gaɓoɓi waɗanda aikinsu shi ne su zuba wani ɗan ruwa cikin jini, jini ya kai shi wata gaɓa mai nisa, ita kuma ta gane shi ta yi abin da ya umurta. Cikin 1905 wani masani Baturen Ingila, Starling, ya sa wa waɗannan jakadu suna homon, kalmar Yunananci ce mai ma'anar zaburarwa. Abin mamaki game da su shi ne ƙanƙantarsu, gama ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya juya jiki duka.

Jakadan da fankiriyas ke aikawa sunansa insulin. In mutum ya ci tuwo ko fura, abincin ya kan narke ya zama sukari ya shiga jini. Insulin ne ke zuwa wajen tsoka da hanta da kitse ya sa su buɗe ƙofa su karɓi sukarin. In jakadan ya yi kaɗan, ko kuwa ya zo an ƙi sauraronsa, sai sukari ya taru cikin jini har ya malala cikin fitsari. Cikin 1921 Banting da Best suka tace insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a watan Janairu na 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo bayan an fid da rai.

Samun insulin ya sa matan da ke da ciwon suka rayu har suka yi aure suka ɗauki ciki, amma jariransu suka ci gaba da mutuwa. Wata likita a birnin Boston na Amurka, Priscilla White, ta ba da rayuwarta ga wannan matsala tun daga 1924. Sa'ad da ta fara, kusan rabin jariran irin waɗannan mata ba su tsira, sa'ad da ta bar aiki bayan shekara 50 kuwa fiye da 90 cikin 100 na rayuwa. Cikin 1952 wani likita a ƙasar Denmak, Pedersen, ya bayyana dalilin girman jariran. Sukarin uwa yana ƙetare mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, amma insulin nata ba ya ƙetarewa. Sai ɗan ya tilasta wa tasa fankiriyas ta yi ta zubo insulin, ya tara sukarin ya zama kitse. Shi ya sa ya kan yi ƙiba har haihuwa ta yi wuya, in an yanke cibi kuma sukarin jininsa ya faɗi ƙasa farat ɗaya.

Daga baya aka gane abin da ke jawo ciwon ga macen da ba ta da shi a da. Mabiyiya ita ma tana aika nata jakadu, aikinsu kuwa shi ne su sa jikin uwa ya rage sauraron insulin daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, domin sukari ya ɗan jima cikin jini ɗan tayi ya sami rabonsa. Wannan hikima ce ta halitta, kowace mai ciki haka ta ke. Fankiriyas mai ƙarfi sai ta ninka aikinta, al'amari ya daidaita. Wadda ta gaza kuwa, sai sukari ya hau. Watau mai ciki kamar mai ɗauke da tulu ce cike fal a ka, ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa ya sa ruwa ya zuba.

Maganin Da Ya Zama Cuta

To, da ya ke umurnin jakada bisa hatimi a ke karɓarsa, me zai faru in wani ya sassaƙa hatimi irin na Sarki? Wannan shi ne abin da masana suka yi, da farko da gangan, daga baya kuma ba da saninsu ba.

Akwai wani jakada mai suna istirojin, shi ke tafiyar da al'amuran mata, kamar balaga da al'ada da shirya mahaifa. A shekarun 1930 likitoci na son su yi magani da shi, amma tace shi daga jikin dabba na da tsada ƙwarai. Wani masani a Landan, Charles Dodds, ya shiga neman sinadarin da zai yi aikin istirojin a araha. Cikin 1936 ya gwada wani da a ke kira BPA, wanda wani mutumin Rasha, Dianin, ya fara haɗawa tun 1891. Ya ga yana kwaikwayon istirojin, amma ƙarfinsa kaɗan ne, sai ya ajiye shi. Cikin 1938 shi da abokan aikinsa suka dace da wani mai ƙarfi ƙwarai, wanda a ke taƙaita sunansa DES. Ba su yi masa rajistar mallaka ba, saboda haka kowane kamfani ya sami damar yinsa, ya zama arha kamar gishiri.

Gwamnatin Amurka ta yarda a sayar da shi cikin 1941. Waɗansu masana biyu a Boston, miji da mata, George Smith da Olive Smith, suka yi zaton ƙarancin jakadun ciki ne ke sa ɓari, suka ba da shawara a riƙa ba masu ciki DES. Cikin 1947 hukuma ta amince da haka. Matan da aka fi ɗura wa kuwa har da masu ciwon sukari, domin su ne suka fi rasa 'ya'ya. Priscilla White kanta ta daɗe tana ba matan da ta ke lura da su, tana ganin yana cikin abin da ke tsirar da jariran.

Zato dai ba ya zama shaida. Cikin 1953 wani likita a Shikago, Dieckmann, ya bayyana gwajin da ya yi da mata fiye da 1,600. Rabi ya ba su DES, rabi ya ba su ƙwaya maras magani, ba wadda ta san abin da ta sha. Da aka ƙidaya sai aka ga maganin bai rage ɓari ko kaɗan ba. Cikin 1955 aka bayyana irin wannan gwaji a Ingila a kan mata masu ciwon sukari kaɗai, nan ma aka ga jakadun kanti ba su tsirar da jariri ba. Abin da ke tsirar da su shi ne kyakkyawar kulawa da daidaita sukarin uwa. Duk da haka aka ci gaba da rubuta wa mata maganin har shekara 18 bayan gwajin Shikago, gama likitoci sun saba, masu sayarwa kuma na talla.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Tsakanin 1966 da 1969 aka kawo 'yan mata 8 asibitoci a Boston, shekarunsu daga 15 zuwa 22, dukansu da wani irin ciwon daji na al'aura wanda a da sai ga tsofaffi a kan gan shi, shi ma jefi-jefi. Likitoci suka rasa dalili, har uwar ɗaya daga cikinsu ta ambata cewa ta sha DES sa'ad da ta ke da cikin yarinyar. Aka bi sauran uwayen aka tambaya, sai ga 7 daga cikin 8 sun sha. Likita Herbst da abokansa suka buga labarin a watan Afrilu na 1971, a wannan shekara kuma hukuma ta gargaɗi likitoci su daina ba masu ciki. An ƙiyasta mutum miliyan 5 zuwa 10 ne maganin ya shafa a Amurka, uwaye da 'ya'yansu. Ciwon dajin ya sami wajen ɗaya cikin 1,000 na 'ya'ya matan, amma da yawa sun tashi da mahaifa mai naƙasa, suka yi fama da rashin haihuwa da ɓari da haihuwar bakwaini, watau ainihin abin da aka sha maganin don a hana.

Wannan al'amari ya koya wa likitoci abu biyu. Na fari, mabiyiya ba ganuwa ba ce, abin da uwa ta sha yana iya kai wa ga ɗa. Na biyu, jariri na iya zuwa lafiya lau a ido, ɓarnar kuwa ta kwanta shiru sai bayan shekara 20 ta tashi.

Maganin Ƙwari

DES da gangan aka yi shi ya zama jakada. Akwai waɗansu kuwa da aka yi don wani aiki dabam. Cikin 1939 wani masani a ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano cewa wani sinadari mai suna DDT na kashe ƙwari ƙwarai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta barbaɗa wa mutane shi a birnin Naples na Italiya don kashe ƙwarƙwata, annobar zazzaɓin da ta ke kawowa ta tsaya. Aka ba Müller lambar girma ta Nobel cikin 1948. Ba shakka DDT ya tsirar da rayuka masu ɗimbin yawa daga zazzaɓin cizon sauro a ƙasashe da dama, wannan alheri nasa ba a mantawa da shi.

Arewacin Nijeriya ma ya ga wannan zamani. Cikin 1954 aka soma wani babban gwaji a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, ana bi gida gida ana fesa wa bangon ɗakuna DDT da waɗansu 'yan'uwansa biyu, dildirin da BHC. Ba a cika shekara biyu ba aka tarar sauro ya saba da dildirin, ba ya kashe shi. Wani dangin BHC, wanda aka sani da suna Gammalin 20, ya daɗe ana fesa shi a gonakin koko a kudu, waɗansu masunta marasa tsoron Allah kuma suna zuba shi cikin ruwa don kashe kifi.

Aibin irin waɗannan magunguna shi ne ba su ruɓewa da wuri. Ruwa ba ya narkar da su, sai mai. In ƙaramin kifi ya ci, sai su zauna cikin kitsensa, babban kifi ya ci ƙanana da yawa ya tara nasu duka, tsuntsu ko mutum ya ci babban ya gaje gaba ɗaya. A jikin mutum su kan yi shekaru, su bi ta mabiyiya da ruwan nono su kai ga jariri. Tun 1950 waɗansu masana biyu a Amurka suka yi wa 'yan zakaru allurar DDT, suka ga sun girma da ƙanƙanen zanko da tsumburarrun 'ya'yan maraina, kamar an ba su jakadan mata. Ba a kula da wannan ba a lokacin. Sai cikin 1962 wata masaniya, Rachel Carson, ta buga littafin da ya farkar da jama'a game da mutuwar tsuntsaye da kifaye, har Amurka ta hana fesa DDT a gonaki cikin 1972.

Haɗura Uku Da Jirgin Shara

Ba ya halatta a ba mutum guba don a ga abin da za ta yi masa. Saboda haka yawancin abin da aka sani daga haɗari aka koya. Cikin 1968 a kudancin ƙasar Jafan, wani man inji mai suna PCB, wanda a lokacin a ke zubawa cikin taransifoma da manyan na'urori, ya yoyo cikin man girki na dusar shinkafa a masana'anta, mutane suka saya suka ci. Cikin 1979 irin wannan ya sake faruwa a tsibirin Taiwan, ya shafi mutum wajen 2,000. Ƙuraje suka feso musu, matan da ke da ciki kuma suka haifi jarirai ƙanana masu duhun fata. Likitocin Taiwan suka yi ta bin mutanen nan har shekara 24, cikin 2008 suka bayyana cewa ciwon sukari ya ninka wajen sau biyu ga matan da suka ci man, in an gwada da maƙwabtansu da ba su ci ba.

Ran 10 ga Yuli, 1976, wata tukunya ta yi bindiga a masana'antar sinadarai kusa da garin Seveso a arewacin Italiya, hayaƙi mai ɗauke da wata guba, dayoksin, ya sauka a kan gidaje da gonaki. Dabbobi suka mutu, aka kwashe mutane. Da aka bi lissafin mace-mace na shekarun baya, sai aka ga mutuwa ta ciwon sukari ta ɗan fi yawa ga matan wurin. Dayoksin ɗin nan ce kuma ke cikin maganin kashe itatuwa da sojan Amurka suka fesa a yaƙin Biyetnam, har cikin 2001 gwamnatinsu ta yarda ta riƙa biyan diyya ga tsofaffin sojan da suka yi aiki can in sun kamu da ciwon sukari.

Da dokoki suka yi tsanani a Turai, zubar da irin wannan shara ya yi tsada, sai waɗansu 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Tsakanin 1987 da 1988 aka sauke fiye da tan 3,000 na sharar masana'antu daga Italiya, har da PCB, a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa wanda yanzu ke cikin Jihar Delta. Da asiri ya tonu cikin 1988, gwamnatin Nijeriya ta tsaya kai da fata sai da aka kwashe gangunan aka mayar. A shekarar ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba, cikin 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniya a Bamako a kan haka.

An Sa Wa Abin Suna

Har wajen 1990 kowane masani nasa ya ke gani. Mai binciken kifi bai san abin da likitan mata ya gani ba. Wata mace Ba'amurkiya, Theo Colborn, wadda ta yi nazarin tsuntsaye da kifayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, ita ta lura cewa manyan dabbobin su kan rayu, 'ya'yansu ne ke lalacewa, daidai da labarin DES. A watan Yuli na 1991 ta tara masana 21 a wani gida da a ke kira Wingspread a Jihar Wisconsin. A nan aka haɗa labaran wuri guda, aka sa wa sinadaran suna masu rikita jakadun jiki. Aka gane waɗansu na shiga da hatimin ƙarya su ba da umurni, waɗansu na tsayawa a ƙofa su hana jakadan gaskiya shiga, waɗansu kuma na sa jiki ya yi jakadu da yawa ko kaɗan.

Cikin 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Stockholm na Suwidin, ta fara aiki cikin 2004. Ta hana ko ta ƙuntata sinadarai 12, har da PCB da dayoksin da dildirin. DDT kuwa aka bar ƙofa a yi amfani da shi cikin ɗakuna don sauro da sauran ƙwari masu yaɗa cuta kaɗai. Cikin 2009 aka ƙara da sinadarin da ke cikin Gammalin, cikin 2019 kuma aka ƙara da wani mai suna PFOA, wanda aka yi ta aiki da shi wajen yin tukwanen da abinci ba ya kamawa da tufafin da ruwa ba ya jiƙawa.

BPA ɗin nan da Dodds ya ajiye ma bai ɓace ba. Daga shekarun 1950 masana'antu suka gano ana yin roba mai ƙarfi da shi, aka yi ta yin kwalaben shayar da jarirai da shafen cikin gwangwanin abinci. Ƙasashen Turai suka hana shi a kwalbar jarirai cikin 2011, Amurka cikin 2012. A ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar fid da shi daga mazubin abinci.

Inda Hanyoyin Biyu Suka Gamu

Ba a iya binciken ciwo sai an san yadda a ke auna shi. Cikin 1964 O'Sullivan da Mahan a Boston suka shayar da masu ciki 752 ruwan sukari, suka auna jininsu sa'a bayan sa'a, suka sa iyakar da in an wuce ta an kamu. O'Sullivan ya bi matan da suka kamu shekaru da yawa, ya ga kusan rabinsu sun sami ciwon sukari na dindindin daga baya. Cikin 2008 aka bayyana wani babban bincike na mata wajen 25,000 a ƙasashe 9, wanda ya nuna cewa gwargwadon hawan sukarin uwa, gwargwadon girman jariri da wahalar haihuwa. A kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina ma'auninta na 2013. A lissafin 2021, wajen haihuwa ɗaya cikin 6 a duniya uwar na da sukari fiye da kima.

Manyan dalilan ciwon sanannu ne: ƙiba, da yawan shekaru, da gado, da rashin motsa jiki. Amma da aka ga ciwon na yaɗuwa, ga kuma labarin Taiwan da Seveso, sai masana suka tambaya ko jakadun ƙarya na cikin abin da ke sa mai ɗauke da tulun nan tuntuɓe. Cikin 2007 aka bayyana binciken matan manoma fiye da 11,000 a jihohin Iowa da Karolina ta Arewa. Waɗanda suka dama maganin ƙwari ko suka fesa shi a gona cikin wata uku na farkon ciki, ciwon ya same su wajen ninki biyu na sauran. Cikin 2010 masana a ƙasar Sifen suka ba ɓeraye masu ciki BPA kaɗan, sukarinsu ya rikice a lokacin cikin. Bayan wata huɗu da haihuwa uwayen suka fi sauran ƙiba, 'ya'yansu maza kuma da suka girma jikinsu bai saurari insulin sosai ba. Cikin 2015 aka auna jinin mata fiye da 250 a Amurka tun kafin su ɗauki ciki, aka ga waɗanda PFOA ya fi yawa a jininsu sun fi kamuwa.

Sai dai ba kowane bincike ne ya faɗi haka ba. A wannan shekara ta 2015 aka auna masu ciki fiye da 1,200 a Kanada, ba a ga haɗin BPA da ciwon ba, amma aka ga haɗinsa da arsenik, wata guba da a kan samu cikin ruwan waɗansu rijiyoyi. Dalilin saɓanin kuwa a fili ya ke. BPA ba ya kwana cikin jiki, awon safe dabam, na yamma dabam. Mutum kuma ba sinadari ɗaya ke jikinsa ba, tarkace ne masu yawa a gauraye, ga abinci da ƙiba da gado duk suna nasu aiki. Saboda haka matsayin masana shi ne, shaidar ta fi ƙarfi ga sinadarai masu daɗewa cikin jiki, irin su PCB da dayoksin da PFOA, ta fi rauni ga masu saurin fita. Sun ɗauke su a kan masu ƙara nauyi bisa kayan da mai ciki ke ɗauke da shi, manyan dalilan nan na farko kuwa suna nan a matsayinsu.

Abin Da Tarihin Ya Bari

Daga haɗa DES zuwa hana shi shekara 33 ce, daga gane halin BPA zuwa fid da shi daga kwalbar jarirai a Turai shekara 75. A tsakanin nan mata da 'ya'yansu ne suka ɗauki hasarar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Maigida mai hankali ba ya barin iyalinsa mai ciki ta dama maganin feshi, ko ta wanke tufafin da aka yi feshi da su. Ba a zuba ruwan sha ko man girki cikin galan ɗin da maganin ƙwari ya ƙare a ciki, kome wankin da aka yi masa. Ba a hura wutar girki da leda ko tsohuwar roba, gama ƙona irin wannan shara na cikin hanyoyin da dayoksin ke samuwa. Abinci mai zafi kuma ya fi kyau a kwano ko ƙwarya, domin zafi na ƙara sa abin da ke cikin roba ya fita. Mai ciki ba ta shan magani sai wanda likita ya san da cikin ya ba ta.

Abin da ya fi duka shi ne zuwa awo. Ciwon sukari na ciki sau da yawa ba ya nuna alama, gwajin jini ne ke tona shi, a kan yi shi kuwa tsakanin mako na 24 da na 28, watau wajen wata na shida zuwa na bakwai. Wadda aka samu da shi, yawanci gyaran abinci da tafiya a ƙasa sun isa, in ba su isa ba ga insulin. Bayan an sauka kuma a koma a sake gwaji, kada a ce ya tafi ke nan. Matar nan ta Balin ba ta sami ko ɗaya daga cikin wannan ba cikin 1824, matan yau kuwa suna da shi in an kai su. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa, amin.